Shekarar da Na Tumɓuke Dankali

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a gidan nan, kuma kun san na sani. Ana cewa a shekarar da ciwon ubanku ya bayyana na hana shi abinci, na riƙa ɗura masa ganye kamar akuya, sannan saboda taurin kaina kuka sha yunwar da kuka sha. Ban taɓa tanka wa kowa ba. A lokacin ba ni da sukunin gardama, daga baya kuma ƙarfin ne babu. Yanzu da na zauna, gwiwoyi sun ƙi, yatsu ba su jure riƙon biro, na ga gara in rubuta muku yadda aka yi, kai Lawal, da ke Sa'a, da ke Binta, in ya so kowa ya yi hukuncinsa bayan ya karanta.

Shekarar ita ce wadda gonar daji ta fi ƙarfinmu. Kun san ta, gonar kakanku da ke kan hanyar Sabuwa, inda muke samun masara da dawar da ke kai mu wata kakar. An yi shuka, har an yi noman farko, sai mutanen daji suka fara ɗaukar manoma daga cikin gonakinsu da rana tsaka. Da aka ɗauki mutum biyu a gonar da ke maƙwabtaka da tamu, Malam, ubanku, ya dawo gida ya jingine fartanya a zaure, bai sake komawa ba. Dattawan gari kuma suka hana shuka duk abin da zai yi tsayi kusa da gidaje, don kada a samu wurin laɓewa. Abin da ya rage mana shi ne filin bayan gida, wanda rijiya take a gefensa. Malam ya ja kunya talatin a wurin, ya dasa dankalin Hausa, domin shi ne ba ya tashi sama, yana saurin yi, kuma yana cika ciki. Ɗan hatsin bara da ya rage a rumbu muka riƙa lallaɓawa, idon kowa yana kan waɗannan kunyoyi.

Ana tsakiyar damina na lura Malam yana zubewa. Yana ci kamar da, har ya fi da, amma riga tana yi masa yawa. Buta ba ta rabuwa da hannunsa, ya sha ruwa ya zagaya, ya dawo ya sake sha. Sannan ga wani ɗan ciwo a babban yatsan ƙafarsa, inda kututture ya soke shi lokacin da yake jan kunya, ya ƙi warkewa. Iya, kakarku, ta sa masa duk abin da ta sani, ciwon sai buɗewa yake. Da ƙyar ya yarda muka bi motar kasuwa zuwa asibiti a Faskari.

Wadda ta duba shi wata ma'aikaciyar jinya ce, ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, ban riƙe sunanta ba. Ta tsaga masa yatsa ta ɗiga jinin a wani ɗan abu, ta duba, sannan ta ce sukari ne ya yi masa yawa a jini.

Malam ya ce, "Ni da ko shayi ba ni sha, ina na ga sukari?"

Ta ce, "Baba, ba sai ka sha ba. Tuwo da kunu da fura da dankali, duk in sun shiga ciki sukari suke komawa. Mai lafiya jikinsa yana sarrafa shi, naka ne ya gaza."

Ta ba shi ƙwayoyi, ta wanke ƙafar ta naɗe. Sai ta juyo wurina, don ta gane ni ce mai tukunya. Ta ɗauki murfin kwano daga kan teburinta, ta raba shi biyu da yatsa. Ta ce rabin nan duka ganye ne: zogale, alayyahu, rama, yakuwa, kuɓewa, duk abin da na samu, kullum, ba sau ɗaya a mako ba. Ɗaya rabin ta sake raba shi, ta ce nan wake, nan kuma ɗan tuwo. Na gaya mata gaskiya, na ce mu bana abin da muke jira dankali ne, ba mu da wani abu.

Ta ce, "Dankali ba guba ba ne, Inna. Ga yaranki abinci ne mai kyau, yana ba su ƙarfi, in kin samu mai jan ciki ma yana taimakon ido. Amma shi Baba, ɗaya tak, kamar dunƙulen hannunsa, dafaffe da ɓawonsa. Ban da gasasshe, ban da soyayye. Ganyen dankalin ma ki dafa masa, ana ci. In ba a yi haka ba, maganin nan kaɗai ba zai riƙe shi ba, kuma ƙafar nan ita za ta fara tafiya."

A mota muna dawowa Malam yana ta kallon hanya. Ni kuwa tunanin inda zan samo ganye nake. Ku da kuka tashi kuna ganin alayyahu a kan tire a ƙofar gida ba za ku gane ba. Masu lambu a fadama sun gudu sun bar lambunansu. Tafasa da lalo da muke tsinka a bakin daji, ba macen da za ta je can ta dawo. Kasuwar Sheme kuwa sai an yi sa'ar hanya, kuma abin da aka saya ran kasuwa kwana biyu ya yanƙwane. Bishiyar zogale ɗaya ce a gidanmu, na tsige ta tas a mako guda. Na koma kan ganyen dankalin, sai na ga in na ci gaba da yagarsa kullum zan kashe abin da ke ƙasa, kuma da an yi kaka shi ma ya ƙare. Wuri ɗaya ne a duniya da zan iya shuka ganye in ba shi ruwa damina da rani ba tare da na fita gari ba, shi ne gefen rijiya. A nan kuwa kunyoyin da suka fi kyau suke, guda goma sha biyu.

Kwana uku ina zagaya wurin. Na san abin da kunya goma sha biyu take nufi a gidan da ke da baki shida. Ba wanda ya fi ni sani, ni ce nake awo. Amma duk safiya in na kwance tsumman ƙafar Malam sai in ga bakin ciwon ya ƙara duhu. A rana ta huɗu, bayan an karya, na ɗauki fartanyarsa daga zaure na shiga. Ban yi shawara da kowa ba, wannan gaskiya ne, domin na san amsar da za a ba ni. Dankalin bai wuce kaurin yatsa ba. Ina tumɓukewa ina jin kamar hanjina nake ja.

Iya ce ta fara gani. Ta fito tana dogara sanda, ta tsaya a bakin danga.

"Innalillahi! Ke, mi kike yi haka? Abincin ɗiyan naki kike tonewa?"

Na ce, "Iya, ganye zan shuka wa Malam, haka aka ce a asibiti."

"Asibiti su za su ciyar da ku in rani ya yi? Ni na haife shi, da tuwo na raine shi. Tun da nike ban taɓa jin wanda tuwo ya kashe ba."

Malam ya fito yana ɗingishi, ya zauna a kan turmi yana kallona. Na jira ya ce in bari. Da ya ce, wallahi da na ajiye fartanyar. Bai ce ba. Abin da kawai ya faɗa, a hankali, shi ne:

"Wurin jan kunyar nan na samu ciwon ƙafar."

Ya tashi ya koma ɗaki. Na gama aikina. Na watsa alayyahu, na shuka rama da yakuwa da kuɓewa, na jera wake a gefe, na kakkafa sandunan zogale a jikin danga.

Cikin mako uku alayyahu ya isa yanka. Daga nan abincin ubanku ya bambanta da na kowa. Kwaɗon rama da ɗan ƙuli-ƙuli da safe, faten wake da ganye ya fi waken yawa da rana, da yamma malmalar tuwo ƙarama cikin miyar kuɓewa ko ta yakuwa. Mutumin da ya saba tashi da malmala uku, a ajiye masa ɗaya kamar ta yaro. Yakan daɗe yana duban kwanon kafin ya sa hannu. Wata rana ya ce da ni ko akuyar gidan nan ana ba ta dusa, ba ganye zalla ba. Wata rana ya ture kwanon ya ce ya ƙoshi. Ni kuwa ga ɗiban ruwa, ga tukunya biyu, ga wankin ƙafa, ga bakin Iya daga safe har magariba. Ba na jin na taɓa gajiya a rayuwata irin ta wannan lokaci, kuma ba na jin gajiyar ta taɓa sakina gaba ɗaya.

Akwai laifina da ba zan ɓoye ba. Ranar da abokansa suka zo duba shi daga Ruwan Godiya, na aika musu da tuwo zaure. Na leƙa sai na hango shi ya sa hannu a kwanon baƙi yana ci da sauri. Ban san lokacin da na ɗaga murya daga bayan ƙyaure na ce, "Malam, naka yana ciki" ba. Malam ya janye hannunsa daga kwanon. Wani ya yi 'yar dariya. Mutum mai furfura, matarsa ta tsawatar masa kan loma a gaban mutane. Har ya bar duniya ban ga ya sake cin abinci da baƙo ba. Wannan ni na yi, kuma ba asibiti ce ta sa ni ba.

Bayan haka ne ya fara cin rana a gidan ƙanensa, Baffanku Isiya. Kada ku riƙe Baffa da komai, Allah ya ji ƙansa, son ɗan'uwansa ne ya sa shi. Ya samu hanya ya je Sheme ya sayo dankalin turawa, ya zo har tsakar gida ya nuna mini.

"Ga shi, wannan ba shi da zaƙi ko kaɗan, ɗanɗana ki ji. Tunda zaƙi aka hana shi, wannan ai ba ruwanshi. Ki bar bawan Allah ya ci ya ƙoshi."

Na ce ni dai ba a ce mini haka ba, a bari sai mun koma an tambaya. Ya ce mace ɗaya a asibiti ta faɗi magana na riƙe kamar aya. Matarsa ta riƙa soya masa cikin mai, kwano cike, kullum bayan azahar. Da aka fara haƙar dankalinmu kuma, aka haɗa masa da gasasshe. Ni ina nan ina yanka ganye ina ajiye masa, ya dawo ya taɓa kaɗan ya ce ba ya jin yunwa. Na sani. Duk garin an sani. Na gaji da magana, na zuba ido, kuma wannan ma ina lissafa shi cikin laifina.

Wata la'asar aka shigo da shi ranga-ranga daga ƙofar masallaci, bakinsa ya bushe, yana magana ba a gane abin da yake cewa. Ƙafar ta kumbura har ƙwauri, tana wari. Baffa da kansa ya goya shi a babur, ni a baya ina riƙe da shi, muka bi hanyar da ko da rana mutane suke tsoro. Kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti. An cire masa yatsu biyu, aka ce mun yi sa'a ba a kai ga ƙafar ba. Ma'aikaciyar nan ta tambayi abin da yake ci, Baffa ya faɗa mata da bakinsa.

Ta ce, "Ba harshe ke aunawa ba, Baba. Na turawan bai da zaƙi a baki, amma a jini yana iya fin na Hausa saurin tashi, balle an soya an cika kwano. Wanda aka hana shi yawa, ba sauya masa iri za a yi ba."

Baffa ya fita waje ya zauna a gindin bishiya. Har muka bar asibitin bai iya haɗa ido da ni ba.

Da muka dawo gida Malam bai sake ture kwanona ba. In na ajiye ya ci, in na ƙara ganye ya cinye. Ciwon ya rufe, jikinsa ya ɗan dawo, buta ta huta. Iya ma ta daina magana, har na taɓa kama ta tana kore kaji daga cikin alayyahu. Sai dai tsakanina da shi wani abu ya riga ya tafi. Mutumin da yake zama a bakin murhu yana ba ni labarin kasuwa ya koma daga "sannu" sai "Allah ya yi albarka." Kuna ganin kamar na yi nasara. Ni ban ji wata nasara ba, barci kawai nake so.

Abin da Iya ta faɗa kuwa bai faɗi ƙasa ba. Dankalin kunya goma sha takwas muka haƙa, muka binne a rami da toka, wani muka yanyanka muka shanya. Na yi ta jan sa da ganye, ina yi muku fate wanda ruwa da alayyahu suka fi komai yawa a ciki. Ganye yana gyara jiki, na gani da idona, a shekarar ba wanda bakinsa ya tsage a cikinku, ba wanda ya kwanta. Amma ganye ba ya riƙe cikin yaro. Ku ci ku tashi, kafin la'asar kuna zagaya madafa. Zafin bazara bai gama shigowa ba na sa hannu a ramin na taɓo ƙasa. Saura wata uku ko fi kafin a ga sabon abu, rumbu kuma ana jin ƙarar ƙasansa. Da kunyoyin nan goma sha biyu suna nan, da sun kai mu. Na auna wannan a raina sau da yawa, kullum amsar ɗaya ce.

A lokacin ne yayata, Yaya Hanne, ta aiko daga Ƙanƙara. Ba ta da 'ya mace, ta daɗe tana roƙona in ba ta ɗaya, ina ƙi. Ta ce ta ji halin da muke ciki, a kawo mata yaro guda ya zauna har a yi kaka. Kai Lawal kana fita aikin ƙwadago kana shigo da ɗan abin da ka samu. Ke Sa'a ke ce kike ja mini guga. Binta ce ƙarama, shekararta tara, wuyanta ya yi siriri. Malam ya ce in yi yadda na gani. Kowa a gidan nan ya iya cewa in yi yadda na gani.

Na wanke mata kayanta kala biyu, na yi mata kitso, na raka ta bakin hanya da safe inda mai motar da Yaya ta yi wa magana zai tsaya. Ba ta yi kuka ba. Tana riƙe da ƙullin kayanta, tana kallon ƙafafunta. Da motar ta taho sai ta ɗago ta ce:

"Inna, in na rage ci, za ki bar ni in zamna?"

Na ɗaga ta na miƙa wa wata mata a cikin motar, na ce ta riƙe ta da kyau. Na dawo gida na shiga lambu na yi ta ban ruwa har rana ta take, abin da ban taɓa yi ba, don na san ruwan rana yana ƙona ganye.

Kaka ta zo, hanya ta ƙara lalacewa, aka ce a bari ta lafa. Da ta lafa an riga an sa ta makaranta, aka ce a bari ta gama shekara. Shekara ta zama biyu, ta zama biyar. Yaya Hanne ta riƙe ta da amana, ba ni da abin cewa, ta fi samun gata a can fiye da yadda za ta samu a wurina. A ɗakin Yaya aka yi mata lalle, daga can aka kai ta gidan mijinta. Yaya take kira Inna. Ni kuwa in za ta ambace ni sai ta ce Innar ƙauye.

Ubanku ya ƙara shekara bakwai a duniya bayan wannan, da ƙafafunsa biyu, yana zuwa masallaci da kansa, ya ga auren Lawal, ya ɗauki jikokinsa. Ban ce ganyena ne ya ba shi kwana ba, kwana na Allah ne. Na dai san abin da na gani lokacin da yake ci da lokacin da ya bari. A shekararsa ta ƙarshe, wata rana da hantsi ina tsinke zogale a tsakar gida yana zaune kusa, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Da kin bar ni na ci abin da nike so, da yarinyar nan a gabanki ta girma."

Har yau ban san ko godiya yake yi mini ba ko tuhuma. Ban tambaye shi ba, shi ma bai ƙara ba. Na ci gaba da tsinkar zogalena.

Ke Binta, sauran duk suna nan lokacin, sun ga abin da suka gani. Ke ce aka ɗauke, ba wanda ya yi miki bayani, ni da ya kamata in yi na kasa buɗe baki a bakin hanya. Ba cinki ne ya yi yawa ba, 'yata. Ko loma ɗaya kike ci a yini, da sai na sa ki a motar nan, domin abin da ke cikin ramin ya ƙare, kuma ni na rage shi da hannuna tun damina, ina sane. Na zaɓi ƙafar ubanki, ban san da ke zan biya ba. Da za a mayar da ni gefen rijiyar nan da fartanya a hannu, ina jin abin da na yi shi zan sake yi, shi ya sa ban san yadda zan nemi gafararki ba. Amma ina nema.